MIKIN DA AKE GADO: DARASI A KAN CUTAR DA YARA DA JINYAR IYALI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya ƴaƴa amana a hannun iyayensu, kuma zai tambayi kowa game da amanar da aka ba shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa a Musulunci, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani irin gado ne da ba ya shiga lissafin masu rabon gado, amma kuwa yana sauka daga kaka zuwa uba, daga uba zuwa ɗa, ba tare da an yi wasiyyarsa ba. Muna nufin mikin da azaba da wulaƙanci suke bari a zuciyar yaro, ya girma da shi, ya yi aure da shi, ranar da Allah Ya ba shi nasa ƴaƴan ya sauke musu abin da aka sauke masa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ana iya yanke wannan gado, kuma wurin yanke shi shi ne cikin gida, ta hanyar zama da dukan waɗanda abin ya shafa. Wannan zama shi ne masana halayyar ɗan Adam suke kira jinyar iyali. Za mu duba abin da bincikensu ya gano, mu auna shi da ma'aunin Shari'a, sa'an nan mu ga aikin da ya hau kan jama'ar masallaci.

IYAKAR DA KE TSAKANIN TARBIYYA DA CUTARWA

Tarbiyya wajibi ce a kan uba da uwa, kuma a cikinta akwai umarni da hani, akwai kwaɓa, akwai hana yaro abin da ransa ke so idan zai cuce shi. Ba wanda ke jayayya a kan wannan. Cutarwa kuwa ita ce duk abin da zai raunata jikin yaro, ko ya karya zuciyarsa, ko ya zubar da mutuncinsa, ko da mai yin ya ce gyara yake nufi. Masana sun kasa ta kashi huɗu.

Na farko, azabar jiki: bulala har sai jini ya fito, ƙona hannun yaro don ya ɗauki nama a tukunya, ɗaure shi da igiya ko mari, ko girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru, alhali girgizar nan tana iya zubar da jini a cikin kansa, ta makantar da shi ko ta kashe shi.

Na biyu, azabar baki: zagi, gori, tsinuwa, da faɗa wa yaro kullum cewa ba zai yi albarka ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mutum ya yi mummunar addu'a a kan kansa ko ƴaƴansa ko dukiyarsa, kada ta dace da sa'ar da ake karɓar addu'a.

Na uku, sakaci: barin yaro da yunwa alhali akwai hali, ƙin kai shi asibiti, tura yarinya talla tasha da dare, ko kai yaro karatu gari mai nisa ba guzuri, ba ziyara, ba tambayar inda yake kwana.

Na huɗu, lalata da yaro, namiji ne ko mace, kuma galibi mai aikata wannan sananne ne ga yaron, ɗan gida ne ko maƙwabci.

A kan waɗannan huɗu masana sun ƙara yaron da yake kallon ana dukan uwarsa, domin shi ma yana ɗaukar mikin ko da hannu bai taɓa shi ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2016, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da shi, ya nuna yara kusan biliyan 1 masu shekara 2 zuwa 17 sun gamu da wani nau'in cutarwa a cikin shekara guda. A gidajenmu mun san waɗanda abin ya fi faɗa wa: maraya, agola, ƴar riƙo, da ɗan da aka saki uwarsa ya rasa mai tsaya masa. Wannan bai hana mu yaba wa ɗimbin matan uba da mariƙa da suka riƙe ƴaƴan wasu kamar nasu ba, Allah Ya saka musu da alheri.

YADDA MIKIN YAKE BIN ZURIYA

Malamanmu sun riga sun lura da wannan tun da daɗewa. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su. Ya bayyana cewa wanda aka rena da ƙarfi da tursasawa zuciyarsa takan ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, ya koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa, har wannan ya zame masa ɗabi'a. Ya ƙara da cewa haka yake faruwa ga al'umma sukutum idan ta daɗe a ƙarƙashin zalunci.

A zamanin nan, a 1966, wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Mantiriyal na Kanada, Vivian Rakoff, ya lura cewa ƴaƴan waɗanda suka tsira daga sansanonin azaba na Hitila suna zuwa asibiti da damuwa mai tsanani, alhali an haife su bayan yaƙin ya ƙare. Daga nan masana suka duƙufa a kan yadda wahalar iyaye take isa ga ƴaƴa. Hanyoyin da suka fi bayyana uku ne.

Hanya ta farko ita ce koyi. Yaro yana koyon uba da kallon ubansa, yarinya tana koyon uwa da kallon uwarta. Wanda bai taɓa ganin an warware saɓani ba sai da mari, ranar da ɗansa ya ɓata masa rai hannunsa zai riga tunaninsa.

Hanya ta biyu ita ce jiki. Allah Ya halicci ɗan Adam da shirin gudun haɗari: zuciya ta buga, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure. Wannan rahama ce idan na ɗan lokaci ne. Amma yaron da yake kwana yake tashi cikin tsoro, a shekarun da ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, jikinsa yakan saba da zaman ɗar-ɗar. Idan ya girma, kukan jariri ko ƙarar faɗuwar kwano ya isa ya tayar masa da fushin da ya fi ƙarfin dalilinsa.

Hanya ta uku ita ce shiru. Selma Fraiberg, wadda ta yi aiki da uwaye da jariransu a jihar Mishigan ta Amurka, ta bayyana a 1975 cewa iyayen da suka fi maimaita azaba su ne waɗanda suke tuna abin da aka yi musu amma sun binne zafinsa. Za ka ji mutum yana ba da labarin yadda aka ɗaure shi a turke yana dariya. Wanda kuwa ya tuna tsoron da ya ji a ranar, ya tuna hawayensa, shi ne yakan ce har abada ɗansa ba zai ɗanɗani haka ba.

Kada mu manta kuma da masifun da suke faɗa wa al'umma baki ɗaya. Ƙasarmu ta ga farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, da ƙarancin abinci na 2005. Jihar Difa ta ga hare-hare da gudun hijira daga 2015, jihar Maraɗi ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina daga 2019. Yaron da ya ga dabbobin ubansa sun mutu a 1984, aka raba shi da uwarsa aka ba da shi riƙo don ba abin ci, yau shi ne maigida, wani ma ya yi jikoki. Abin da ya haɗiye a lokacin yana nan tare da shi.

Illar ba ta tsaya ga zuciya kaɗai ba. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego na Amurka game da ƙuruciyarsu, suka gwada amsoshin da lafiyarsu. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla nau'i ɗaya na wahalar ƙuruciya. Sakamakon farko da aka buga a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka gamu da nau'i huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shan giya, shan ƙwaya, ciwon baƙin ciki da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12, kuma ciwon zuciya da na hanta da na huhu sun fi yawa a cikinsu.

GADON BA TILAS BA NE

To, a nan sai mu yi hattara, kada wani ya ce ashe duk wanda aka zalunta azzalumi zai zama. A 1987 masana biyu na Jami'ar Yale, Joan Kaufman da Edward Zigler, sun tattara binciken da aka yi kafin su, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka cutar suna yara ne suke cutar da nasu ƴaƴan. Watau mafi yawa ba su maimaitawa. Wani bincike a jihar Minesota, da aka buga a 1988, ya nemi sanin abin da ya bambanta uwayen da suka yanke gadon. Aka tarar da abu uku: sun sami wani babba da ya ƙaunace su suna yara, ko sun sami jinya ta hanyar zama da masani, ko sun sami miji mai kwantar da hankali. Ku lura, ƴan'uwa, dukan ukun mutane ne. Kaka ɗaya, ko goggo, ko malamin allo mai tausayi, ya isa ya zama sanadin tsirar zuriya.

Addininmu ya riga ya shimfiɗa wannan. Alƙur'ani Mai girma ya zargi masu kafa hujja da abin da suka tarar ubanninsu suna yi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 170, ya kuma tabbatar a wurare da dama cewa ba mai ɗaukar laifin wani. Wasu ƙabilun Larabawa sun gaji binne ƴaƴa mata da rai, Musulunci ya kawar da wannan a cikin zamani guda. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (S.A.W.) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi (S.A.W.) ya sanar da shi cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Aƙra'u shugaba ne a cikin mutanensa, yana ganin taurin zuciya shi ne mazantaka, aka gyara masa wannan fahimta a gaban jama'a.

MENE NE JINYAR IYALI?

Jinyar iyali ta taso ne a Amurka da Turai daga shekarun 1950. Tushenta shi ne, yaron da aka kawo ana cewa ya gagara, yana sata, yana fitsarin kwance, ko ya daina magana, sau da yawa shi ne kawai inda ciwon gidan ya fito fili. Idan aka yi masa magani shi kaɗai aka mayar da shi cikin halin da ya fito, ciwon zai dawo. Saboda haka ake zama da uba da uwa, da kaka idan tana gidan, da duk mai hannu a renon. Maganin magana ce da saurare da koyon sabuwar hanya, ana haɗuwa lokaci bayan lokaci har tsawon watanni. Ga matakan da aka fi bi.

Mataki na ɗaya, tsare yaro. Ba a fara komai sai an tabbatar azabar ta tsaya. Idan ba za ta tsaya ba, a ɗauke yaron zuwa hannun amintacce. Fiƙihunmu na Malikiyya ya san wannan, domin malamai sun shar'anta amana da iyawa da amincin wuri ga mai riƙon yaro, idan sharaɗin ya faɗi riƙo ya koma ga na gaba.

Mataki na biyu, zana bishiyar zuriya. Likita Murray Bowen na Jami'ar Georgetown shi ya shahara da wannan. Ana zana aƙalla tsatso uku a takarda, kakanni da iyaye da ƴaƴa, a rubuta wa ya reni wa, wa aka saki, wa ya mutu da wuri, wa aka ba da riƙo, su wa ba su ga maciji da juna. Mu mutane ne masu kiyaye salsala, sai dai mun saba ƙirga sunaye mu tsallake abin da ya faru tsakanin masu sunayen. A misali, mutum ya zo yana kukan ɗansa na fari ya gagare shi duk da dukan da yake sha. Da aka zana bishiyar sai a ga shi ma ɗan fari ne, an yi masa kunyar ɗan fari har bai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba, an kai shi wurin baffa yana shekara shida, ya sha bulala a can. Ubansa ma haka aka yi masa. Sau da yawa ganin wannan a takarda shi ne karo na farko da mutum zai gane cewa dukan da yake yi ya girmi laifin ɗansa.

Mataki na uku, sauraron kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai jagorar zaman yana ba kowa dama ya faɗi abin da ke ransa, har yaron, ba tare da an katse shi ko an rama a kansa bayan an koma gida ba. Idan yaro ba zai iya magana gaban babba ba, a saurare shi a keɓe.

Mataki na huɗu, gyara tsarin gida. Salvador Minuchin, likita haifaffen Ajantina da ya yi aiki da iyalai matalauta a Niyu Yok da Filadelfiya, ya nuna cewa gida yana rikicewa idan iyakoki suka rushe: a sa yaro ya zama ɗan leƙen asiri tsakanin kishiyoyi, ko uwa ta huce haushin miji a kan ɗa, ko ƴar shekara tara ta zama ita ce uwar ƙannenta. Gyaran shi ne manya su ɗauki kayan manya, su warware saɓaninsu a tsakaninsu, a bar yaro ya zama yaro. A nan ne adalci tsakanin ƴaƴa yake shigowa. Bashir, mahaifin Nu'umanu (R.A.), ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi (S.A.W.) ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da tsoron Allah da daidaitawa tsakanin ƴaƴansa.

Mataki na biyar, koyon abin da zai maye gurbin bulala. Wa'azi kaɗai ba ya isa ga wanda bai san wata hanya ba. Akwai tsarin da Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a shekarun 1970, inda uba ko uwa suke wasa da yaro, masani yana kallo yana yi musu gyara nan take. Ana koya musu su ware minti biyar kullum na wasa da yaron ba faɗa ba umarni, su yaba masa idan ya yi daidai, su ba da umarni ɗaya a bayyane, idan ya ƙi a yi masa horon da aka riga aka sanar da shi, kamar zama wuri ɗaya na ƴan mintoci. A jihar Okalahoma an gwada wannan a kan iyaye 110 da aka samu da dukan ƴaƴansu, aka buga sakamakon a 2004. Cikin waɗanda suka bi tsarin, kashi 19 cikin 100 ne aka sake kai ƙararsu, cikin waɗanda aka yi wa darasin iyaye na yau da kullum kuwa kashi 49. Sunna ta ba mu abin da za mu haɗa da wannan a lokacin fushi: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, da zama idan mutum yana tsaye.

Mataki na shida, amsa laifi da neman gafara. Mu duba ƙarshen Suratu Yusuf. Ƴan'uwan Annabi Yusufu (A.S.) sun fara furta cewa su masu kuskure ne, sa'an nan ya yafe musu, sa'an nan suka roƙi mahaifinsu ya nema musu gafara. Amsa laifi ya zo kafin yafiya. Uban da ya ce wa ɗansa na zalunce ka, ka yafe mini, girmansa ƙaruwa yake yi. Amma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe kafin zuciyarsa ta shirya.

Wani zai ce ina za mu sami waɗannan masana a ƙauyukanmu? A Ruwanda, ƙasar da ta ga kisan ƙare dangi a 1994, an horar da mutanen gari aka tura su gida-gida cikin wani shiri mai suna Sugira Muryango. Sukan zauna da uba da uwa tare har darasi 12, a kan wasa da yaro, da abinci, da warware saɓani. Gwajin da aka yi a kan gidaje fiye da 1,000 ya nuna horo mai tsanani ya ragu, shigar ubanni cikin reno ta ƙaru. A Niyu Zilan kuwa, dokar 1989 ta sanya taron dangi ya zama mataki na hukuma kafin yanke shawara a kan yaro, kuma daga al'adar mutanen Mawori aka ɗauko shi. Mu muna da irinsa tun tuni, domin Suratun Nisa'i aya ta 35 ta yi umarni da naɗa mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka.

TAMBAYOYIN DA AKE YI

Tambaya ta farko: mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane. Amsa ita ce, Allah Ya kiyaye ku, kuma idan kuka duba da kyau za ku tarar da wani da ya tausaya muku a lokacin. Ku tuna kuma da abokan ƙuruciyarku da suka gudu daga gida ba su dawo ba, da waɗanda ƙwaya ta cinye. A 2016 an tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, aka ga duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa, ba a kuma ga yana ƙara biyayya ba.

Tambaya ta biyu: ai hadisin Abu Dawuda ya yi umarni da dukan yaro a kan salla idan ya kai shekara goma. Haka ne, amma hadisin ya fara da umartar yaro tun yana shekara bakwai, watau shekara uku cur na koyarwa da lallashi. Malamai kuma sun ɗaure wannan izini da sharuɗɗa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, a littafinsa na ladubban malamai, ya hana wuce bulala uku ba da izinin uba ba, ya hana dukan kai da fuska. Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya hana malami ya yi horo yana cikin fushi. Wanda ya auna dukan da ake yi a gidaje da waɗannan sharuɗɗa zai ga mafi yawansa ya fita daga izinin. Abin da ya fi shi ne aikin Annabi (S.A.W.) da kansa. Nana A'isha (R.A.) ta shaida bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas ɗan Malik (R.A.) kuma ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Tambaya ta uku: faɗin laifin iyaye ba saɓa musu ba ne? Biyayya ga iyaye wajibi ce har bayan ransu. Amma wanda ya faɗa wa mai jinya abin da aka yi masa don neman waraka, kamar mai nuna wa likita ciwo ne, kuma malamai sun halatta ambaton abin da wani ya yi idan don neman fatawa ne ko kawar da zalunci. Mutum yana iya cewa abin da mahaifina ya yi mini kuskure ne, ya kuma ɗaga hannu ya roƙa masa rahama, musamman idan ya gane shi ma haka aka yi masa.

INDA SULHU BA YA ISA

Akwai abin da ba a rufe shi da sunan rufin asirin gida. Idan an yi lalata da yaro, ko an ji masa rauni mai tsanani, a kai shi asibiti nan da nan. Maganin kariya daga ƙwayar cutar Sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Sa'an nan a sanar da hukuma, jandarma ko ƴan sanda ko ma'aikatan kare yara. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, ta kuma kafa kotunan yara a 1999. Ba a zaunar da yarinya gaban wanda ya lalata ta a ce su sasanta, ba a karɓar kuɗi a yi shiru, ba a aurar da ita gare shi don a rufe magana. Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zalunci. Haka nan idan uba ko uwa suna fama da taɓin hankali, ko shaye-shaye, ko baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa, a haɗa addu'a da zuwa wurin likita, domin neman magani umarni ne na Sunna.

AIKIN JAMA'AR MASALLACI

Muna kira ga limamai su sanya haƙƙin ƴaƴa a kan iyaye cikin huɗubobinsu kamar yadda suke sanya haƙƙin iyaye a kan ƴaƴa. Muna kira ga kowane masallaci ya zaɓi dattawa kaɗan, maza da mata, masu riƙe sirri, waɗanda iyali za su iya zuwa wurinsu, su kuma nemi sanin ma'aikatan lafiya da na kare yara da ke yankinsu don su san inda za su tura abin da ya fi ƙarfinsu. Muna kira ga malaman allo da na Islamiyya da na lakwal su lura da yaron da ya zo da tabo, ko ya canza hali farat ɗaya, su tambaye shi cikin taushi. Maƙwabcin da yake jin ihun yaro kowane dare ta bayan danga, ya sani shiru ba zai kuɓutar da shi gaban Allah ba. Ya fara da nasiha a asirce, idan ba ta yi ba ya kai maganar gaba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma ƴar'uwa, da kuka karanta wannan darasi kuka tuna abin da aka yi muku, ku sani laifin ba naku ba ne a lokacin da kuke yara. Abin da za a tambaye ku shi ne wanda ke hannunku yau. Ku nemi wanda kuka amince da shi ku buɗe masa cikinku, ku zauna da abokan zamanku ku yi shawarar yadda za a riƙa horo a gidan, ku fara da minti biyar ɗin nan tun daren yau.

Allah Ya warkar da zukatanmu, Ya gafarta wa iyayenmu Ya ji ƙansu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya gidajenmu su zama wurin natsuwa ga manya da yara. Allah Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.